A Haɗa Kwaleji da Gareji Wajen Horar da Kanikawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin hukumomin ilimin fasaha game da yadda ake horar da masu gyaran mota, musamman a nan Arewa, inda kwalejin fasaha take yaye ɗalibanta da takarda, gareji kuma yake yaye yaransa da aikin hannu, ba tare da ɗaya ya san abin da ɗaya yake ciki ba.

Motar da ke bin titunanmu a yau ba irin Fijo 504 ɗin da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna ba ce, wadda gogaggen bakanike zai saurari ƙarar injinta ya faɗi cutarta. Tun daga 1996 duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka sai an sanya mata tsarin gano matsala na OBD-II, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motoci masu shan fetur, kuma daga can ne akasarin motocin Kwatano suke zuwa mana. Kwamfuta ce take sarrafa yawan man da ke shiga inji, bisa bayanan da sensa-sensa, wato ƙananan na'urorin aunawa da ke jikin inji, suke aika mata. Gareji da dama sun sayi na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari domin karanta matsala, amma na'urar lamba kawai take bayarwa. Idan ta nuna P0171, ma'anarta iska ta rinjayi mai, kuma hakan yana iya zuwa daga tsagaggen tiyo, ko famfon mai da ya gaji, ko sensar iska da ta yi datti. Wanda bai iya karanta taswirar wayoyi da amfani da mitar auna lantarki ba, sai ya dinga tura mai mota kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka yana sayo kaya ɗaya bayan ɗaya, har a dace ko kuɗi su ƙare.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare, wato cire tamastat, abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, da hujjar cewa an yi abin ne domin ƙasashen sanyi. Injin da aka yi wa haka yakan daɗe bai kai zafin da aka tsara masa ba, kwamfutar kuma ta ci gaba da ba shi mai fiye da kima, mai mota yana ta kukan tsadar fetur bai san a gareji aka ƙara masa ita ba. Ban ɗora wa maigidan gareji laifi ba, domin abin da ya gada daga nasa maigidan ke nan, kuma ba a taɓa kiransa aji an yi masa bayani ba.

Kwalejin ma tana da nata raunin. Waɗanda suka shaida shigowar tsarin karatu na 6-3-3-4 a 1982 suna tuna injinan koyarwa da aka shigo da su daga ƙasashen waje, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wutar lantarki, babu kuma malaman da za su sarrafa su. Har yau za ka tarar da ɗalibin da ya ci jarrabawar kammala makarantun fasaha ta NABTEB, ya iya zana yadda fistin yake hawa da sauka, amma tsohon inji mai kafireto kaɗai ya taɓa kwancewa. Shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki, wanda asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF ya ƙirƙiro, ya kamata ya cike wannan giɓi, sai dai ɗalibai da dama sa hannu a littafi kawai suke nema.

Lamarin ya wuce batun asarar kuɗi tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da gwamnati ta shiga ƙarfafa mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG. Tukunyar wannan gas tana ɗauke da matsin da ya kai 200 a ma'aunin matsi na 'bar', batirin motoci masu haɗa fetur da lantarki irin su Toyota Prius kuwa ya haura bolt 200. Kuskure a kan ɗaya daga cikinsu yana iya cin ran bakanike ko fasinja.

Abin farin ciki shi ne ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma ba. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta take Kaduna, tana da tsarin shaidar ƙwarewa na NSQ, wanda yake auna abin da mutum ya iya yi da hannunsa ko da bai bi ta aji ba, kuma an riga an fara jawo masu sana'ar Panteka cikinsa tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Roƙona shi ne gwamnatocin jihohi su faɗaɗa wannan zuwa kwalejojin fasaharsu. A buɗe ajin yamma ga yaran gareji, a koya musu lantarkin mota da karanta lambobin matsala da harshen Hausa, domin Turanci ne katangar da ta fi hana su shiga, sannan a gwada su a kan mota mai rai. A ɗaya ɓangaren, a zaɓi gogaggun kanikawa ta hannun ƙungiyoyinsu, a biya su alawus, ɗaliban kwaleji su riƙa yin rabin mako a garejinsu, kuma makin da maigida ya bayar ya shiga sakamakon ƙarshe.

Ina kuma kira ga hukumomin makarantun kimiyya da fasaha na Kano da Kaduna da sauran jihohi da su tanadar wa kowace kwaleji aƙalla mota ɗaya mai kwamfuta da na'urar gwaji a kasafin kuɗi mai zuwa. Motocin gwamnati da aka jingine a harabar ma'aikatu ma za su wadatar da wannan buƙata idan aka miƙa su ga makarantu maimakon a yi gwanjonsu.

Na gode.

Naka,
Wani tsohon malamin koyar da sana'a,
Kaduna.