Babana, Hirar Da Na Ji Ta Taga

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa Abuja lafiya, ka tarar da aiki lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai zafi da rashin wuta.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. Akwai maganar da uba ba ya iya haɗa ido da ɗansa ya yi ta, balle ɗan fari da ko sunansa ba ya kamawa. Na so in turo kawunka ya yi maka ita kamar yadda aka saba, sai na tuna rabin maganar abin kunyata ne ni kaina, kuma ba na so ya ji.

Kashegarin Sallah, da abokanka na sakandare suka zo kuka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, kun manta tagar ɗakina a buɗe take. Da farko ba laɓe na yi ba, muryoyinku ko kurma ya ji. Daga baya dai, in faɗi gaskiya, na rage sautin rediyo. Na yi dariya har da hawaye da kuka tono labarin wanda ya ɓoye garin kwaki a cikin matashin kai ɓera ya rama masa, da na wanda ya shekara uku yana cewa yana da budurwa a Zariya, ashe hoton 'yar yayarsa yake nunawa. Da kuka taru a kan dogon nan da ya ƙi aure, kuna cewa baɗi sai kun haɗa shi da Nalako, sarkin kamun gwauro, ya sa masa igiya a watan azumi, shi ma bai bar muku ba. Ya ce kamun gwauro ai na wanda ya taɓa aure ne matar ta gudu, shi tuzuru ne mai lasisi, sai dai Nalako ya jira ɗayanku. Wannan amsa ta burge ni.

Irin wannan raha ba na hana ka ita, kuma ba zan taɓa hana ka ba. Da ita muka tashi. Bakano da Bazazzagi ba sa haɗuwa a mota a sauka ba a tsokani juna ba. Haka Bafillace da Babarbare, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe. Kai kanka ka ga yadda kakarka take kiranka mijinta, tana cewa ka bar ta ba cefane, ka ga kuma yadda taubasanka suke binka kuɗin shara duk watan cika-ciki. Maƙwabtanmu na Nijar har sun kai wasan barkwancinsu gaban UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Abin da nake so ka lura da shi a duk waɗannan shi ne kowa yana da bakin ramawa. In Bazazzagi ya ci gyaran Bakano yau, gobe a tasha za a rama, a tashi ana tafawa.

Ni ma ina da suna a makaranta, kuma ban taɓa gaya maka ba. Mu ne 'yan UPE na farko, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, 1976 aka kwashe mu aka zuba a firamare, wasunmu a gindin bishiya muka fara karatu. A 1982 na tafi makarantar kwana. Gabza muka ci, da wake mai ƙwari wanda sai ka kawar da kai kake haɗiyewa, da kokon da kake hango fuskarka a ciki. Da aka shigo da SAP, shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, a 1986 abin ya ƙara lalacewa, har ƙuli-ƙuli ya zama kuɗi, da shi muke sayen wanki da guga a wurin juniyoyi. To a aji huɗu ne na rubuta wa wata yarinya ta makarantar 'yanmata wasiƙa. Kwana uku na yi da ƙamus a cinya ina tsinto kalmomin Turanci masu tsawo, waɗanda ni kaina ban san ma'anar rabinsu ba. Wasiƙar ba ta kai hannunta ba. Shugabar makarantarsu ce ta buɗe, ta mayar wa furinsifal ɗinmu, shi kuma ya sa aka tsayar da ni a asambuli na karanta ta da bakina, duk kalmar da na kasa fassarawa bulala ɗaya. Na sha tara. Tun daga ranar sunana Ƙamus. Har yau in wani tsohon ɗan ajinmu ya kira ni a waya da shi yake farawa, kuma daɗi nake ji. Mahaifiyarka ta san labarin, ba ita ce yarinyar ba, kuma duk ran da na yi mata dogon Turanci sai ta ce a miƙo mata bulala.

Wannan suna bai rage ni da komai ba. Na aikata abin, na sha dukana, aka yi dariya, na taya su.

Akwai wani sunan kuma da ni na raɗa.

A ajinmu akwai wani yaro ɗan ƙauye, shi kaɗai ne wurin uwarsa, ita kuma abincin sayarwa take yi, don haka ya tashi ya iya tuƙa tuwo da suyar ƙosai fiye da mata da yawa. Muryarsa siririya ce, ba ya ƙwallo, ba ya faɗa. Lissafi kuwa babu mai kama ƙafarsa, ni kaina a littafinsa nake kwafa. Muna aji ɗaya aka shirya wasan kwaikwayo na ranar ba da kyaututtuka. Makarantar maza zalla ce, dole wani ya ɗaura zane, sai malam ya zaɓe shi ya fito a amarya. Ya kuwa yi kyau da rawar, har baƙi suka tafa masa. Washegari a ɗakin cin abinci, yana shigowa da kwanonsa, na miƙe na rangaɗa guɗa na ce, "Ga amarya nan!" Ɗakin nan gaba ɗaya ya ɗauka, ana buga cokula a kan tebur. Ranar ji na yi kamar an naɗa ni sarauta.

Sunan ya bi shi. Kafin ƙarshen zango Amarya ta koma ɗan daudu. Daga nan aka fara ƙirƙiro labarai, wai an gan shi da wane, wai kada a kwana kusa da gadonsa. Babu wanda ya ga komai, amma kowa ya ji daga wani. Siniyoyi suka mayar da shi mai yi musu girki a bayan ɗakin kwana, in ya ƙi a dake shi, in ya yi a ce ai ga shaida. In ya yi dariya tare da mu sai a ce ya yarda, in ya yi fushi a ce gaskiya ce ta yi masa zafi. Babu ta inda zai rama. Da muka dawo hutu a aji uku, akwatinsa bai dawo ba. Muka ce ya gaji da gabza ne.

A 2017 muka yi taron cika shekara 30 da gama makaranta, aka buɗe zauren WhatsApp. Wani ya samo lambarsa ya saka shi. Saƙon farko da ya tarbe shi, daga mutumin da yake da jikoki, shi ne "Amarya ta iso", da fuskokin dariya a jere. Ko minti biyu bai yi ba ya fita. Daren nan ban yi barci ba.

Na bi sawu har na same shi a kasuwar Dawanau, yana harkar hatsi. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, muka zauna a kan buhunan masara. Da na fara kame-kame ina neman ta inda zan shiga maganar, sai ya taimake ni. Ya ce, "Ai kai ne ka fara. Benci na uku kake, kusa da taga, da kofin roba shuɗi a hannunka." Ni na manta da kofin nan sarai. Shi shekara 35 yana ɗauke da shi. Ya ce ya yafe tun tuni, kuma na yarda da shi. Sai ya ƙara da cewa shi injiniya ya so zama, ya faɗe ta yana murmushi, yana kallon yaransa suna ɗinke bakin buhu. Ban tambaye shi ko yana da iyali ba. Na hau mota ne kafin na gane dalilin da ya sa tambayar take cina: so nake in ji amsar da za ta wanke ni, ko ta wanke shi, alhali shi ba a taɓa tuhumarsa da komai ba sai da bakina.

To Babana, a hirarku ta ranar nan akwai wani yaro, mai farar shadda, wanda ya zauna a bakin tabarma. Na ji abin da kuke kiransa. Na ji wani ya ce a tambaye shi ko maza yake so ko mata, aka bushe da dariya, kuma na ji muryarka a ciki, kai ne ma ka ƙara gishiri. Na leƙo. Yana dariya shi ma, irin dariyar da na sani, ta haƙora kawai. Shi ya fara tashi, ya ce zai je gaida gwaggonsa.

Ban san halin yaron nan ba, kai ma ba ka sani ba, kuma ba a aiko ɗayanmu ya bincika ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabi, ta 12 ta hana zato da bin diddigi. A Suratun Nur, aya ta 4, wanda ya jefi mace kamila da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba bulala 80 ce a kansa, kuma ba a sake karɓar shaidarsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raha da sahabbansa, har tsohuwa ya taɓa tsokana cewa tsofaffi ba sa shiga Aljanna, kafin ya bayyana mata cewa da ƙuruciya za a shiga. Amma ba ya faɗin abin da ba gaskiya ba.

Ga kuma bambancin zamaninku da namu. Mu iska ce ta ɗauki maganarmu, duk da haka ka ga inda ta kai. Ku rubutawa kuke yi, a ɗauki hoton rubutun a tura wani zauren da babu wanda ya san wasa ne. Tun 2000 ake shari'ar Musulunci a Kano, kuma a 2014 an sa hannu a dokar tarayya mai ɗaurin da ya kai shekara 14 a kan irin abin da kuke jingina masa. Kalmar da kuke jefawa tana iya fasa masa aure, ta raba shi da aiki, ko ta tara masa 'yan unguwa da sanduna kafin hukuma ta iso. Ranar da hakan ta faru, duk cikinku babu wanda zai tuna shi ya fara.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyin faɗa. Na ji ka ciro waya ka karanta musu saƙon da yarinyar nan da za ka aura ta turo maka, har kana kwaikwayon muryarta. Babu wani abin assha a ciki, kalaman 'yanmata ne, amma kai ta rubuta wa, ba mutum takwas ba. Abokan ango suna da haƙƙinsu, su ce mata "matarmu", su yi cinikin sayen baki su ja ta da wasa daren kai amarya, duk wannan al'ada ce mai daɗi. Bayan biki za su tare ka da "ango ka sha ƙamshi", za su so jin labari. Ka yi dariya, ka ce Allah ya kai su nasu, ka ja bakinka. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Hadisi ne a Sahihu Muslim cewa cikin mafi sharrin mutane a wurin Allah ranar ƙiyama akwai mutumin da zai keɓe da matarsa sannan ya fita yana yaɗa sirrinta. Kuma ka tuna waɗannan abokan su ne za su riƙa shigowa gidanka tana kawo musu ruwa. Duk abin da ka gaya musu, da shi za su riƙa kallonta. Na lura ma da wani ya ce zai karanto naka saƙonnin da ka tura mata, nan take fuskarka ta canja. Wanzami ba ya son jarfa.

Ba cewa nake ka shiga zaurenku ka yi musu wa'azi ba, za su sa maka Liman ne kawai su ci gaba. In an ɗauko sunan nan, kai ka ɗauko wani labarin, kuna da su da yawa, ko ka juya tsokanar kan dogon tuzurun, shi yana da ƙafar gudu. Shi kuma mai farar shaddar ka kira shi kai kaɗai, da sunan da ubansa ya yanka masa rago. Ba sai ka yi dogon bayani ba. In kana neman abokan ango, ka sa shi a ciki.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka turo awon wuyanka da na hannu kafin Juma'a, tela yana jira, kuma har yanzu ba ka faɗi akwati nawa za a sa a lefe ba. Kakarka ta ce in gaya wa mijinta in ya kuskura ya yi mata kishiya bai sayo mata turmin atamfa ba, ranar ɗaurin aure a bakin masallaci za ta tsaya.

Labarin Dawanau ya tsaya tsakanina da kai. Na Ƙamus kuwa ka ba wa wanda ka ga dama.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.