Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban CAN na jihohin Arewa: a kafa asusun dindindin don aikin bishara a gidajen yari

Baba Rabaran, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata aiki na tafiya lafiya, Allah ya ƙara ƙarfi.

Maganar da ta kawo ni ta masu zuwa gidan yari ce, waɗannan fastoci da iyayenmu na zumuntar mata da suke ɗaukar sabulu da garin kwaki da Littafi Mai Tsarki su je su tsaya a bakin ƙofa har gandiroba ya gama binciken jaka. Baba kai ma ka sani yawancinsu daga aljihunsu suke yi. Ikilisiya tana tunawa da su ne lokacin Kirsimeti da Ista, a yi baiko na musamman a kai shinkafa a ɗauki hoto, sai kuma shiru har wata shekara, alhali mutumin da ke ciki kullum yana ciki.

Akwai wata mama a ikilisiyarmu, ta tsufa a kan wannan aikin, yanzu gwiwa ta hana ta hawa acaba sai jikanta ya riƙe ta. Tana da wani tsohon littafi na makaranta da take rubuta sunayen yaran da ke jiran shari'a, da garinsu, da lambar wanda za a kira a gida. Wasu iyayen ta bakinta suka san ɗansu na raye. Ranar da ta kwanta wa zai ɗauki littafin nan? Babu wanda aka koyar, babu ko sisi da aka ajiye.

Kuma aikin ba ƙarami ba ne. Tun 2019 aka canja wa hukumar gidajen yarin Najeriya suna zuwa ta gyaran hali, amma har yanzu kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare ba a yanke masu hukunci ba, jira kawai suke. A 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar da sakin mutum sama da 4,000 bayan an tara naira miliyan 585 an biya masu tara da diyya. Ka duba fa Baba, rashin kuɗin tara ne kawai ya zaunar da dubban mutane.

Abin da nake roƙo shi ne CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, ta jagoranci kafa asusu na dindindin, wanda ba a taɓa uwar kuɗin, riba kawai ake ci. 'Yan uwanmu Musulmi sun daɗe da sanin wannan a waƙafi, mutum ya bar gida ko shago haya tana ta yin aikin alheri bayan ransa. A Amurka ma akwai misali. Chuck Colson, hadimin shugaba Nixon da ya yi wata 7 a kurkuku kan badaƙalar Watergate, da ya fito ya kafa Prison Fellowship a 1976, kuma da ya ci kyautar Templeton a 1993 sai ya miƙa kuɗin ga aikin. Ya rasu a 2012 amma a kwalejin Wheaton akwai tallafin karatu da sunansa da ake ba waɗanda suka taɓa zaman gidan yari. Irin girmamawar da nake so mu yi wa dattawanmu kenan, ba allon yabo da yadin shadda a ranar ritaya ba. A sa sunansu a asusun tun suna raye su gani da idonsu.

Na san abin da za a ce, kuɗin coci in ya taru rigima ta taru. Gaskiya ne, shi ya sa dole a yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, amintattu su fito daga ECWA da COCIN da EYN da Katolika da Anglican da sauransu, da mata a ciki don su ne ƙashin bayan aikin, kuma duk shekara a karanta lissafi a fili kowa ya ji. Sannan da yadda naira ke zubewa, tsadar kaya ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024, bai kamata a jibge kuɗin a banki kawai ba, a raba tsakanin takardun lamunin gwamnati da shaguna ko gidan haya, kuma kar a cinye ribar duka, a riƙa mayar da wani kaso.

Ribar ta tafi a kuɗin mota na masu ziyara, magani, lauya, biyan ƙananan tara, da ɗan jari ga wanda ya fito don kar yunwa ta mayar da shi. Kuma don Allah kar a tambayi addinin mutum kafin a biya masa tara, a Matiyu 25 Yesu bai ware kowa ba da ya yi maganar ziyartar na kurkuku.

Baba ka sa wannan a ajandar taronku na gaba, a ware Lahadi ɗaya a duk ikilisiyoyin Arewa don baikon farko, a kuma tura wa kowace jiha ta kawo sunayen tsofaffinta masu aikin bishara a gidan yari kafin ƙarshen shekara.

Naka cikin Almasihu,
Wani ɗan ikilisiya daga Jos