A haɗa yara masu kaifin basira a aji ɗaya maimakon wannan tsallaken aji

Assalamu alaikum Malam Edita. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan yaranmu na firamare waɗanda Allah ya ba kaifin ƙwaƙwalwa, don a ganina muna zaluntarsu ba tare da mun sani ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san irin yaron da nake nufi. Ka ba da aikin lissafi, kafin ka juyo daga allo ya gama, sai ya zauna yana kalle-kalle ko ya fara tsokanar na kusa da shi, ƙarshe malam ya naɗa shi monita ya ce rubuta min sunan masu surutu. Shi kenan aikinsa har a tashi. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma ka leƙa wasu makarantun gwamnati a cikin birnin Zariya ko Tudun Wada ko Sabon Gari ka gani, aji cike har bakin ƙofa wasu a ƙasa, to ina malami zai samu sukunin kula da mai sauri alhali yana fama da waɗanda ko harafi ba su gane ba?

Maganin da iyaye da makarantun kuɗi suka samo shi ne tsallaken aji. Daga aji 4 ko 5 a cilla yaro JSS 1, aji 6 ma kamar an soke shi a wasu wuraren. Wallahi wannan ba gata ba ne. Yaro ƙwaƙwalwarsa ta kai amma jikinsa da hankalinsa na ɗan shekara tara ne, an jefa shi cikin manya, ba abokin wasa, ana cin zalinsa ya kasa faɗa, ballantana in yarinya ce. Sannan ya gama sakandare yana 14 ya tarar JAMB ta ce sai mai shekara 16 za a ba gurbin jami'a, ya dawo gida ya zauna. To saurin me aka yi?

Shawarata ita ce a kowace babbar firamare a zaɓo irin waɗannan yara daga aji 4, 5 da 6 a haɗa su aji guda da safe, su yi lissafi da kimiyya da karatu tare, kowa a ba shi aiki daidai ƙarfinsa ba daidai shekarunsa ba. Bayan hutun tara kowa ya koma ajinsa cikin sa'o'insa. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a Zazzau, a makarantar allo kolo da titibiri da gardi duk tsangaya ɗaya suke, kowa da inda allonsa ya tsaya, wanda ya haddace a wanke masa ya wuce ba ya jiran kowa, na gaba kuma yana biya wa na baya.

Amma fa akwai sharaɗi. Kar a fake da wannan a rufe ƙarancin malamai, don haɗa aji biyu saboda babu malami wani abu ne daban, wannan kam mun san shi a ƙauyuka kuma ba ya haifar da ɗa mai ido. Dole darasin ya riƙa juyawa duk shekara, in ba haka ba wanda ya shiga tun aji 4 zai maimaita abu ɗaya sau uku. Malamin ma sai an horar da shi, kuma muna da Cibiyar Ilimi ta ABU da tsangayar ilimi a nan garin, ba sai an je nesa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne zaɓen. In aka ce da Turanci kawai za a gwada, 'ya'yan ma'aikata ne za su cika ajin, a bar yarinyar da ke lissafin cinikin tallar uwarta da ka ba ta kuskure ko naira ɗaya. A gwada da Hausa ma, a tambayi malaman aji, kuma a sake dubawa kowace shekara don wani yaron sai daga baya yake buɗewa. Kar hedimasta ya sa ɗan wane don kunyar ubansa.

Gwamnatin tarayya tana da makarantar yara masu hazaƙa a Suleja, Jigawa ma tana da tata a Bamaina, amma duka daga sakandare suke ɗauka, kuma kafin ɗan talaka ya kai can sau da yawa sha'awar karatun ta riga ta mutu. Ina roƙon SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta Jihar Kaduna, ta gwada wannan a makaranta ɗaya ko biyu a Zariya da Sabon Gari, ɗaki ɗaya da malami ɗaya mai himma ake buƙata, bayan shekara biyu a kira iyaye a zauna a duba sakamako.

Na gode.

Naka,
Wani malamin firamare, Tudun Wada, Zariya