Godiya ga masu zagayen ɗanɗanon abinci na birnin Shikago

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin da ke zagayawa da baƙi wuraren cin abinci a Shikago, Amurka,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in yi muku godiya a bainar jama'a, domin yadda kuka karɓe mu a zagayen hotdog (sosej a cikin dogon burodi) da donat (soyayyen kwaɓin fulawa mai zaƙi) ya cancanci kowa ya ji.

Abin da ya fara saye zuciyata shi ne gaskiyar jagorarmu. Tun kafin mu shiga shagon farko ta tambayi kowa abin da ba ya ci. Da na ce mata ba na cin alade, ba ta tsaya ga cewa hotdog ɗin Shikago na naman sa ne zalla ba, ko da yake haka ne. Ta bayyana mini cewa naman sa daban, yanka na halal daban, sannan ta kira shagon ta tabbatar an tanadar mini sosej na halal. A wurin donat kuma sai da ta tambayi mai suya ko da man gyada ko wani man tsiro yake aiki ko da kitsen alade, domin akwai masu amfani da shi. Wanda bai taɓa zama baƙo a teburin da bai san abin da ke cikin kwano ba, ba zai gane girman wannan kulawa ba.

Hotdog ɗin kansa ya ba ni mamaki. Burodin mai laushi ne, an turara shi, samansa da ƙananan baƙaƙen iri. A kan naman aka jera mustad ruwan ɗorawa, yankakkiyar farar albasa, daddagen kokwamba mai zaƙi kore shar, dogon yanki na kokwamba mai tsami, tumatir, ƙananan barkono, sai aka barbaɗa gishiri mai haɗin irin seleri. Kecap kuwa, wato miyar tumatir mai zaƙi, ba ya shiga, mutanen garin suna ɗaukar wannan da muhimmanci, kuma da na ci na ba su gaskiya: zaƙinsa zai danne tsami da yajin da aka auna da kyau. Jagorar ta ce in lura da yadda fatar sosej ɗin ke ɗan fashewa a haƙori, aikin hanjin tumaki ne da ake ɗura naman a ciki. Muna ci tana ba mu labarin Emil Reichel da Sam Ladany, baƙi daga daular Austiriya da Hungari, waɗanda suka sayar da sosej ɗinsu a babban baje kolin duniya na Shikago a 1893, asalin kamfanin sosej na Vienna Beef ke nan. A shekarun karayar tattalin arziki na 1930 ne tulin kayan lambun nan ya samu karɓuwa, don talaka ya ƙoshi da kuɗi kaɗan.

Daga nan muka wuce ga na zamani, masu naman agwagwa ko na rago, da cuku da albasa da aka soya a hankali har ta yi zaƙi. Sun yi daɗi, amma a ganina na gargajiyar ya fi su daidaito, kuma na ji daɗi da jagorar ba ta tilasta mana yabon mai tsada ba.

A shagon donat kun sa an ajiye mana iri biyu gefe da gefe. Na yis ya tashi, ba nauyi, yana narkewa a baki. Ɗayan kuma da hodar tashi ake kwaɓa shi da madara mai tsami, a soya a man da bai yi zafi sosai ba, shi ya sa samansa ke tsattsagewa, ruwan sukari ya shige cikin tsagar. Wannan na biyun ne ya tafi da ni, musamman da baƙin kofi. A nan na ji cewa ranar donat ta Amurka, Juma'ar farko ta watan Yuni, a Shikago ƙungiyar agaji ta Kirista mai suna Salvation Army ta fara ta a 1938, don tunawa da matan da suka soya wa sojoji donat a Faransa lokacin yaƙin duniya na farko.

Ina roƙon ku miƙa godiyata ta musamman ga jagorarmu, da kuma dattijon da ke suyar donat, wanda ya bar aikinsa ya fito ya amsa tambayoyina ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ƙara wa kasuwarku albarka.

Naku,
Baƙon da kuka karɓa hannu bibbiyu