Zuwa ga Abba, kan abin da ake koya bayan la'asar

Abba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da malamanka da abokan karatunka. Mu nan gida sai godiyar Allah. Mahaifiyarka ta faɗa mini maganar da kuka yi a waya, cewa za ka cire sunanka daga ƙungiyar muhawara, ƙwallon ma za ka ajiye, tunda jarrabawar fita ta matso kuma kana ganin duk ɓata lokaci ne. Na ji daɗi da karatun ne a ranka. Sai dai ban goyi bayan wannan shawara ba, shi ya sa na zauna na rubuto maka, don ka sami abin da za ka sake dubawa in hankalinka ya kwanta.

Ina so ka san yadda tsararrakinka suka yi zaman makaranta shekara ɗari da suka wuce. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Ginin ƙasa ne, yana nan har yau an mai da shi gidan tarihi. Ita ce aka kwashe zuwa Kaduna a 1938, daga nan Zariya a 1949, wadda yanzu ake kira Barewa. Shekara biyar ake yi, a fito a koyar a makarantun larduna. Ahmadu Bello ya shiga a 1926, daga Sakkwato a ƙasa yake zuwa, tafiyar kusan mako guda. Abubakar Imam ya zo a 1927, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauchi a 1928. Kashim Ibrahim daga Borno yake, Aliyu da ya zama Makaman Bida kuwa Banufe ne. Dukkansu ba su wuce shekarunka da wani abin kirki ba. Ka duba fa, yaron da bai taɓa fita lardinsu ba, an haɗa shi kwana da ci da wanda ko yarensa ba ya ji.

Aji ba shi ne ya haɗa kansu ba, don a aji kowa allo yake kallo. An raba su gida-gida, kowane gida da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai, kuma da yamma akwai wasanni: ƙwallon ƙafa, kurket, sai kuma fayif, wanda shi nake so in tsaya maka a kansa.

Filin fayif ɗaki ne mai bango uku, bayansa a buɗe. Mutum huɗu ke shiga, biyu-biyu, kuma da tafin hannu ake dukan ƙwallon ta bugi bango ta dawo. Ta gefen hagu akwai wani guntun bango da ya kutso cikin filin, in ƙwallo ta same shi sai ta kauce inda ba wanda ya zata. Daga makarantar Eton ta Ingila aka kawo wasan. A nan kuwa da yake bangayen na ƙasa ne, ƙwallon Turawa mai tauri tana gutsure su, sai aka koma amfani da ƙwallon tanis. Abin da ya fi burge ni shi ne, a asalin wasan babu alƙali. In ƙwallo ta dira ƙasa sau biyu kafin ka taɓa ta, kai ne za ka faɗa da bakinka, ko da abokin karawarka bai gani ba. In ka tare wa wani hanya, kai za ka ce a sake. Kuma ba ka isa ka buga kowace ƙwallo ba, dole wata ka sunkuya ka bar wa abokinka na baya, ko da kana ganin ka fi shi hannu. Ahmadu Bello ya yi kyaftin a wannan wasa yana ɗalibi, bai kuma bar shi ba har yana Firimiyan Jihar Arewa. Har gobe ana buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi. Yaron da ya shekara biyar yana faɗin laifinsa da kansa a gaban abokan wasa, ya koyi abin da ba ya fitowa a takardar jarrabawa, amma wallahi shi ake fara nema a wurin mutum in an ba shi amanar kuɗi ko ta jama'a.

Ɗaliban Katsina sun kuma yi suna wajen iya magana. Ingilishin Abubakar Tafawa Ɓalewa har Turawan kansu sun sara masa. Ka san karatun zuci ba ya ba mutum wannan. Sai an miƙe tsaye a gaban mutane, murya ta yi rawa, an yi tuntuɓen harshe an sha dariya, gobe an sake miƙewa. Malam Aminu Kano, da ya yi tasa kwalejin bayan ta koma Kaduna ya gama a 1942, wasan kwaikwayo ya riƙe, da shi ya fara nuna wa mutane halin da talaka ke ciki tun kafin ya hau mumbarin siyasa.

Da suka fita aiki ma ba su saki wannan ɗabi'a ta taruwa ba. A 1939 aka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kwalejin, shekarar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa Abubakar Imam na editanta na Hausa. A Bauchi kuma, cikin shekarun yaƙin duniya na biyu, aka yi wani zauren tattaunawa inda Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur da Aminu Kano ke zama ana cacar baki kan mulkin En'e da yadda Turawa ke tafiyar da ƙasa ta hannun sarakuna. Ra'ayinsu bai zo ɗaya ba. Sa'adu da Aminu masu zafi ne, Tafawa Ɓalewa mai bi a hankali. Daga baya hanya ta rabu, jam'iyyar NEPU ta su Aminu ta fito a 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama ta siyasa a 1951, Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista a ƙarƙashinta a 1957, Aminu yana ɓangaren adawa. Amma sun riga sun saba zama ɗaki ɗaya da wanda ba su yarda da shi ba, su saurare shi har ya kai aya sannan su ba shi amsa. Wannan ita ce tarbiyyar da nake jin tsoron kada ta wuce ka. Ina ganin samari yanzu a Facebook, da an saɓa musu sai zagin iyaye, kuma yawancinsu ba jahilai ba ne, wurin da za a koya musu jure wa gardama ne ba su taɓa zama ba.

Kada ka ɗauka ina cewa zamanin ya fi naku. Turawa don buƙatar mulkinsu suka gina makarantar, 'yan kaɗan ne suka shiga, akasari 'ya'yan sarakuna da alƙalai da malamai, ɗan talaka sai wanda Allah ya ciyar. Mace kuwa ko ɗaya babu. Ƙanwarka da take shugabar ƙungiyar kimiyya a makarantarsu, a wancan lokaci ko ƙofar ba za ta gani ba. Abin da aka ware wa 'yan tsiraru jiya, yau ga shi an shimfiɗa maka kyauta, kana neman ka naɗe.

Ga abin da nake so ka yi. Ka riƙe muhawara da wasa ɗaya, sauran in sun yi maka yawa ka ajiye su har bayan jarrabawa. Tsakanin la'asar da magariba dama ƙwaƙwalwa ta gaji, wanda ya zauna da littafi a lokacin rabinsa gyangyaɗi ne. Ka fita ka yi gumi, ka yi wanka, ka yi sallah cikin jam'i, karatun dare zai fi shiga. In an jefa ka ɓangaren da ba ra'ayinka ba a muhawara, kada ka nemi a canja maka, ka kare shi da iyakar ƙarfinka, ta nan za ka gane cewa masu wancan ra'ayi su ma da hujjarsu. In an ce ka riƙe sakatare ko ma'aji, ka karɓa, ka sayi ɗan littafi ka rubuta duk sisin da ya shigo da wanda ya fita, ka karanta wa 'yan ƙungiya ko ba su tambaya ba.

Ka kuma kula da irin taron da kake shiga. Zama da 'yan garinmu ba laifi ba ne, amma in abokanka duka daga unguwa ɗaya suka fito, to ba ka ci moriyar makarantar kwana ba. Ka nemi aboki Bayarabe, da Ibo, da ɗan Filato, ka ci abinci da su. Duk ƙungiyar da ba ta da malami mai kula da ita, ko take taro da dare a ɓoye, ko aka ce sai ka yi rantsuwar ba za ka faɗa wa kowa ba, ka guje ta, kuma ka sanar da ni a ranar, kada ka jira hutu.

Na tura kuɗin littattafan da ka ce ta hannun malamin gidanku, ka je ka karɓa ka yi masa godiya. Mahaifiyarka ta haɗa maka ƙuli-ƙuli da yaji, za su zo ranar ziyara. In kun sami batun muhawarar da za ku yi nan gaba ka aiko mini da shi, da ɓangaren da aka ba ka, ni zan ɗauki ɗaya ɓangaren mu gwada in ka zo gida.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ku sa'ar jarrabawa.

Mahaifinka.