A Auna Ƙaramar Motar Lantarki Da Hanyoyin Katsina

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana kan ƙananan motocin lantarki da aka fara shigowa da su. Sana'ata haɗa sola ce, shekara tara ke nan, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, da wuya mako ya wuce wani bai tare ni da tambayar ko sola za ta iya cajin mota ba.

A watan jiya wani Alhaji da nake yi wa aiki ya kira ni in duba wadda ya sayo, BYD Seagull, 'yar China da ta fito a 2023. Siffarta kamar Starlet, ƙofa huɗu da ta baya, kujera huɗu, tsawonta bai kai mita huɗu ba. Na ɗaga murfin gaba na tsaya ina kallo: babu filogi, babu kafireto, babu inda za a zuba baƙin mai. Muka fita da ita daga Ƙofar Ƙaura zuwa Batagarawa, ba ka jin komai sai kukan taya a kan kwalta, har wani mai lemo bai san mun iso bayansa ba sai da aka yi masa ham. Wallahi ta shiga raina.

Amma ga lissafin da nake so masu saye su riƙe. Ƙaramin batirinta yunit 30 yake ci, irin yunit ɗin da muke saye a mita, babban kuma kusan 39. A takarda an rubuta ƙaramin zai yi kilomita 305. Wannan awo ne na China, a tafiya mai sauƙi. Mu nan a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, dole a kunna na'urar sanyi, ga gudu a babbar hanya, ga mutum huɗu da kaya. Ni dai ina shawartar mutum ya cire kashi ɗaya cikin huɗu kafin ya ɗaura niyya. Katsina zuwa Daura ta Mashi, wajen kilomita 80, za ta je ta dawo. Kano kuwa, wajen 170, za ta kai ka, amma in ba ka sami wurin caji a can ba, kwana ya kama ka.

Cajin shi ne ƙashin bayan zancen. Soket ɗin gida kusan yunit biyu yake bayarwa a awa, wato awa 15 kafin batiri ya cika daga ƙasa. Unguwa nawa ce ke samun wuta haka a jere? Wanda zai tayar da janareta ya yi caji kuma, ai an gudu ne ba a tsira ba. Sai dai mai zirga-zirgar cikin gari, gida zuwa ofis zuwa makarantar yara, kilomita 30 a yini, bai fi yunit huɗu zai ƙona ba. Farantin sola mai wat 550 a ranarmu ta Katsina yana ba da yunit biyu da wani abu kullum, ke nan faranti biyu ko uku sun biya masa, muddin inbatarsa na da ƙarfin ɗauka.

Ta biyu, masu hangen 'yar Kwatano su yi hattara. Zafi na cin batiri, musamman tsofaffin da ba a sanyaya su da ruwa. Kyan fenti ba ya nuna lafiyarsa, a sa na'ura a auna kafin a biya kuɗi. Kuma batirin a ƙarƙashin mota yake shimfiɗe, don haka ba ta hanyar ƙauye mai kwazazzabai ba ce.

Kirana ga gwamnatin jiha shi ne a kafa wuraren caji masu sola. An yi irinsa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, Maiduguri kuma tana da tasi masu lantarki. A fara da uku: Katsina, Daura da Kankiya. Sannan a ɗauki yaranmu na gareji a koya musu aikin, domin wutar da ke cikin batirin nan tana kisa, ba a taɓa ta da ka.

Na gode.

Mai haɗa sola,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.