Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamna Sanwo-Olu na Legas kan kuɗin ajiyar ɗan haya idan ya rasu

Mai girma Gwamna, barka da aiki. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, daga zaman makoki na taso.

Ƙanina ya rasu wata biyu da suka wuce a Agege. Albasa yake sayarwa a kasuwar Mayil 12, yana zaune da matarsa da yara uku a ciki da falo. Ranar da ya kama gidan ni na raka shi. Ya biya hayar shekara, ya biya agrimen, ya biya kamashon ejan, sannan aka ce ya kawo naira dubu 150 na "koshin", wai ajiya ce saboda ɓarna, in ya tashi lafiya a mayar masa. To, ya tashi. Tashin da ba a dawowa.

Ranar addu'ar uku, ba a ma naɗe tabarmi ba, ejan ya iso. Bai ce Allah ya ji ƙan rai ba. Ya tsaya bakin ƙofa yana leƙa bango, ya tambayi yaushe za a kwashe kaya. Matar tana daga ciki, ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma da addini ya ce ta yi a ɗakin mijinta. Saura wata bakwai hayar ta ƙare. Da na yi maganar ajiyar, sai ya ce da mamacin suka yi yarjejeniya, ba da mu ba. In muna son sisi, mu kawo takardar kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotu. Na tambayi wani lauya, ya lissafa mini zirga-zirga da kuɗin da za a kashe, sai na ga wandon ya fi ƙugun. Ejan ya san haka. Shi ya sa ya faɗa yana murmushi.

Ranka ya daɗe, dokar haya ta 2011 da Gwamna Fashola ya sa wa hannu ta ce duk mai gidan da ya karɓi kuɗin ajiya ya ba da rasit na daban, kuma ya riƙa bai wa ɗan haya lissafi a rubuce aƙalla duk wata shida. Na zazzage jakar ƙanina, har rasit ɗin kuɗin shara na gani a ninke cikin leda, amma na ajiya babu, domin ba a taɓa ba shi ba. Dokar ta ce mai hayar shekara sai an ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi. Marayu su kuma kwana uku aka ba su? Kai da kanka ka sa hannu a dokar LASRERA, hukumar da ke sa ido kan dillalan gidaje da filaye a Legas, a 2022, aka ce an kawo ƙarshen cutar da ejan-ejan ke yi. An kuma yi ta sanar da mu cewa za a koma biyan haya wata-wata. Madalla. Mu a Agege har yanzu shekara muke biya, har da ƙari, wataƙila labarin bai hau gadar Pen Cinema ya sauko wajenmu ba tukuna.

Kuɗin nan ba na mai gida ba ne, amana ce a hannunsa. Da mutum ya cika, ya zama gado: a biya bashi, a cika wasiyya, sauran na matar da 'ya'ya ne. Dubu 150 ba komai ba ce a Ikoyi, amma ita ce kuɗin motar da za ta mayar da su Sakkwato, da ɗan abin da za su fara rayuwa da shi.

Don Allah, ka sa a rubuta baro-baro cikin dokar haya cewa idan ɗan haya ya rasu, a duba ɗakin a gaban shaidu, a cire kuɗin ɓarna in akwai, a miƙa wa magada saura cikin kwanaki sanannu. Ƙaramin kuɗi irin wannan, takardar shaidar mutuwa da rantsuwar magada su wadatar, ko da sa hannun Sarkin Hausawa ne ko limamin unguwa. Kada a tashi mai takaba matuƙar akwai sauran haya. Cibiyar sasanta jama'a da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a kyauta take aiki, na sani, sai dai a samar da mai jin Hausa, domin surukata ba ta jin Turanci ko Yarbanci, kuma ba za ta riƙa yawon ofis tana takaba ba.

Jiya ejan ya sake zuwa da wani mai neman ɗaki. Na hana su shiga. Ranar Litinin zan kai ƙorafi da kaina, da lambar gidan da shaidu biyu da suka ga an ƙirga kuɗin.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Agege